Jinin da Aka Ce Matacce Ne

Wasu shekaru can baya, lokacin gwiwoyina suna da ƙarfin hawa bayan kamiyo, babbar motar kaya, aikina sauke shanu ne a kara. Motoci su taso daga arewa, su daɗe a hanya, su iso mana nan Lome da shanu a jigace, ga yunwa ga ƙishirwa ga fushi. Mu ne masu shiga cikin motar mu kwance igiya, mu koro su ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne da ba ya son dogon tunani, shi ya sa ya dace da ni. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na iya shi ne gane bijimin da ke shirin tunkuyi tun kafin ya sunkuyar da kai. Haka dai nake zato a lokacin.

Tare nake aikin da wani abokina. Ni Bagobiri ne, shi Bazabarme, kun kuwa san abin da ke tsakaninmu da Zabarmawa, wasa ne tun na kakanni, ba a fushi. Duk unguwarmu ta Zongo ba wanda ya taɓa jin na kira shi da sunansa. Bawana nake ce masa, shi ma haka yake ce mini. Gaisuwarmu ta safe ita ce in ce, "Au, ba ka mutu ba?" Shi kuma ya ce, "Sai na binne ka tukuna, in gaji takalmanka." In zazzaɓi ya kwantar da shi, in je in tsaya a ƙofar ɗakinsa in tambayi matarsa ko an kai likkafani wajen tela. Ita ma ta saba, dariya take yi ta miƙo mini koko. Haka muka yi shekaru.

Ranar da abin ya faru safiya ce ta damina. An yi ruwa, katakon da shanu ke bi su sauko ya yi santsi. Muna cikin mota ni da shi, saura 'yan shanu kaɗan, sai wani farin bijimi mai dogon ƙaho ya zame, ya faɗi a gwiwa, ya miƙe a firgice. Maimakon ya yi gaba sai ya juyo. Da farko ban ji zafi ba. Ji na yi kamar an naushe ni, sai na ga rigata ta yi ja. Ƙahon ya shige ƙasan cibiyata. Da bijimin ya fizge kansa, sai ya haɗa abokina da ƙarfen jikin motar, ya matse shi da kafaɗa, sannan ya dira ƙasa.

Abokina ko ɗigon jini bai zubar ba. Shi ya cire rawaninsa ya danne mini ciki, shi ya kama ƙafafuna aka sa ni a tasi. A hanya yana ce mini, "Kada ka mutu a nan, bawana, mai mota zai ce mu wanke masa kujera." Muna isa asibiti aka wuce da ni ciki. Shi kuwa, an ce yana tsaye a baranda sai ya yi amai ya zube.

Ni aka yi mini aiki, aka yanke wani ɓangare na hanjina aka haɗe sauran. Na farka da roba a hanci, ledar ƙarin ruwa rataye a kaina. Da na juya kai, ga shi kwance a gadon da ke kusa da nawa yana kallona.

"An ce sun cire maka hanji," in ji shi. "Ina fata sun ajiye mini, a yi mini farfesu."

Shi ba a tsaga shi ba. An duba cikinsa da na'ura aka ce hantarsa ce ta bugu, ta ɗan tsage, amma jinin ya tsaya da kansa. Abin da ake so da shi kwanciya ne kawai.

Akwai wata nas a ɗakin, 'yar Zongo ce, a nan aka haife ta. Da likita Faransanci take yi, in ta juyo gare mu ta koma Hausa. Malama muke ce mata. Kullum da safe takan zo da wata allura ta ɗura mana ta hanyar ƙarin ruwan, ni da shi duka. Ba ta rage ciwo, ba ta sa barci, ba a jin komai nata. Rannan na tambaye ta amfaninta.

Ta ce, "Malam, ku da kuke ganin tumbi kullum a mahauta. Cikin mutum akwai wani ruwa mai tsami, da ƙarfinsa, shi ke narkar da naman da ka ci. Abin da ya hana shi cin tumbin kansa wani yauƙi ne da ya lulluɓe bangon ta ciki. In mutum ya sha mummunan duka a ciki, ko ya yi asarar jini, yauƙin nan sai ya yi rauni, ruwan ya fara cin bango. Wannan maganin yana rage tsamin ne har bangon ya farfaɗo."

Abokina ya ce, "Wato maganin ciwon da bai zo ba."

"Haka ne."

"To ki haɗa da nawa ki ba Bagobiri, shi ne matsoraci."

Ba a jima ba aka sallame shi. Kawunsa ne ya zo ɗaukarsa, wani dattijo daga cikin manyan dillalan kara, wanda ya kawo shi Lome tun yana saurayi, ya yi masa aure. An haɗa shi da magani iri uku. Akwai wasu ƙwayoyi masu launi biyu da ake haɗiyar ɗaya da safe kafin a ci komai, akwai wani farin ruwa mai kauri a kwalba, sai ƙananan farare na rage ciwo. Ina ji Malama tana ja masa kunne: ban da barkono, ban da kanwa, ban da zama da yunwa, kuma ko da wasa kada ya taɓa maganin gajiyar nan na masu talla a faranti. Yana ɗaura agogo yana cewa to, to. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini, "In ka mutu ka aiko a faɗa mini."

Ni na daɗe. Ɗinkina ya yi ruwa, aka sake buɗe wani gefe. A zaman nan ne na koyi abin da ban so koya ba. Da na fara cin abinci, Malama ta ɗauko wata tambaya da take yi mini kowace safiya, a gaban kowa: bayan gidana wane launi ne. Yarinyar da ba ta kai ƙanwata ba. Ni da nake kokawa da bijimai, sai in ja zane in rufe fuska in amsa daga ciki. Ta ce in daina kunya. In ya fito baƙi kamar kwalta, mai danƙo, da wani wari na daban, to jini ne yake zuba a tumbi, hanji ya dafa shi ya yi baƙi. Ta ce ba a kwana da irinsa a gida.

Na kuma gani da idona. An dawo da wani ɗan zemijan, mai haya da babur, daga Adidogomé, wanda ƙarfen babur ya taɓa bugunsa a ciki, aka kwantar da shi a gadon da abokina ya bari. Da aka zo ɗauke tasar da ya yi bayan gida a ciki, na ga abin, na ji warin. Leda bayan leda ta jini aka ƙara masa kafin ya dawo hayyacinsa. Shi ya tashi, don da wuri aka kawo shi.

Da aka sallame ni, gidan mahaifiyata na wuce. Kun san dubiya a Zongo, ba mai zuwa hannu rabbana. Wannan ya kawo saiwa, wancan gari a ƙulle, wani ya zaro ƙwayoyi ja da rawaya daga aljihu ya ce su suka tashi ƙaninsa. Mahaifiyata ba ta musu da kowa. Takan karɓa da hannu biyu ta ce, "An gode, Allah ya saka," in mutum ya fita ta jefa a wani kwano ƙarƙashin gado. Ita ba don ta fahimci zancen yauƙi ba ne. Cewa ta yi waɗanda suka buɗe cikin su suka san abin da suka bari a ciki. Kowace asuba ita ke miƙo mini ƙwayar asibiti da ruwa, ta tsaya sai ta ga maƙogwarona ya motsa.

Kowa ya zo duba ni ban da abokina. Wannan ya dame ni, don mutumin da zai bar damar ganina a kwance ina tafiya kamar tsohuwa, to ba lafiya ba. Da na iya taka ƙasa, na dafa bango na bi lungu har gidansu.

Na same shi kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, kawunsa zaune a kujera kusa da shi. Ya rame. Leɓɓansa sun yi fari, tafin hannunsa kamar an wanke shi da toka. Amma bakin yana nan.

"Ga gawa ta zo gaida mai rai," in ji shi.

Na gaida Kawu na zauna. Na tambayi jiki. Kawu ne ya amsa.

"Jini ne ya kwanta masa. Kai naka ya samu ƙofa ya fita, shi nasa yana ciki ya daskare. Asibiti ba su san wannan ba, su in ba su ga rami ba sai su ce lafiya."

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurina. Duk wanda ya yi aikin kara ya san ta. In dabba ta buge ka ba ta huda ba, ana cewa jini ya kwanta, sai an narkar da shi an koro shi. Ana jiƙa jar kanwa da tsamiya, a daka citta da barkono a zuba, a sha da sassafe kafin a sa komai a baki. Ni kaina na sha ba sau ɗaya ba, bayan harbin saniya, kuma na warke, ko kanwar ce ko ba ita ba. Shi ake ba abokina kowace safiya. Ciwon kuwa da ke hana shi sakat, ana danne shi da ƙwayoyin faranti, irin waɗanda duk muke watsawa da shayi in an tashi aiki. Yana shan su safe da yamma, don ƙananan fararen na asibiti ba sa kama shi.

Na ɗaga kai na hango maganin asibitin a kan taga. Kwalbar ko wuyanta ba a sha ba.

"Waɗancan fa?"

Abokina ya ce, "Na sha na 'yan kwanaki, ban ji komai ba. Magani in yana aiki ai jiki ya sani."

Kawu ya ce, "Farin nan ma shi ne mugun. Nas ɗin da bakinta ta ce shafe ciki yake yi. Mu muna so abu ya fita, su suna liƙe shi."

Sai ga matarsa ta fito daga kicin da fara'arta, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce, "Yaya, ai mun gode Allah, ya fara fita. Har sadakar ƙosai muka yi."

Na ce me ya fara fita.

Kawu ya gyara zama. "Mataccen jinin. Baƙi ƙirin, kamar kwalta. Kullum sai ya fita, wani lokaci har sau biyu. Ka ga jikin ya saki, ai dole, abu ne mai yawa."

Na dubi abokina na ce, "Bawana, mutuwa kake yi."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Yau ma?"

"Wallahi mutuwa kake yi."

"Wallahi kai za ka riga ni."

Mu da shi har rantsuwar mun daɗe da mayar da ita kayan wasa. Na juya wajen Kawu na faɗa masa abin da Malama ta ce, da abin da na gani a gadon ɗan zemijan. Na ce wannan ba tsohon jini ba ne, sabo ne, yanzu yake zuba, kanwar da ƙwayoyin ne suke cin tumbinsa. Ni ba gwanin magana ba ne. A tsaitsaye na faɗe ta, kamar yadda nake faɗin komai. Kawu kuwa shi ma Bazabarme ne, abokin wasana ne, bai ji komai a ciki ba sai tsokana.

"Ka ji Bagobiri," in ji shi. "An yanke masa hanji an haɗa da hankali. Yarinyar da aka haifa jiya a nan Lome, ta taɓa shiga bayan mota da shanu? Tun ba a haife ka ba nake ba mutane wannan jiƙon."

Maƙwabta biyu da ke tsakar gidan suka yi dariya. Abokina ya ce a ba ni kanwar ni ma ko kaina ya washe. Matarsa kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Tana durƙushe tana kallon fuskata.

Washegari na koma. Na same shi shi kaɗai, ya jingina da bango yana numfashi sama-sama kamar wanda ya yi gudu, alhali daga bayi kawai ya dawo. Na zauna kusa da shi. Na kira shi da sunansa na yanka. Bakina ma bai saba da shi ba, wani iri ya fito.

Ya buɗe ido. "Wannan kuma wane sabon iskanci ne?"

"Tashi mu tafi asibiti. Yanzu."

"In je in kwanta kusa da gadonka na da, su yi ta tambayata launin kashina? Ka sha kai kaɗai."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani," in ji shi, yana murmushi. "Ba ka taɓa wasa ba, bawana."

Da zan fita matarsa ta biyo ni zaure. Ta ce, a hankali, "Yaya, da gaske ne?" Na ce da gaske ne. Ta ce ita ba ta isa ta fitar da shi daga gidan ba sai da yardar Kawu, shi ya kawo shi garin nan, shi ya aura masa ita. Na ce ko ƙwayoyin farantin ta ɓoye, ta koma ba shi na kan taga. Ta ce za ta gwada. Daga baya ta faɗa mini ta ɓoye, ciwo ya tashi, ya aika aka sayo wasu.

Na roƙi mahaifiyata ta je, ko maganar babba da babba za ta shiga. Ta yafa mayafi ta tafi. Kawu ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata ruwa, ya saurare ta har ta gama. Ya ce, "Hajiya, na ji. Yaron nan ɗana ne, ba zan cuce shi ba. An kusa gamawa. A bari ya ƙarasa fita, in bayan Juma'a jikin bai dawo ba, ni da kaina zan kai shi." Ta dawo ta zauna a bakin gado. Can ta ce, "Mutumin nan yana son yaron. Shi ya sa ba zai ji ba."

Ba a kai Juma'ar ba. Wata safiya ina shan koko sai ga matarsa ba ko takalmi. An ba shi jiƙon, ya sha, ya amayar, amma ba jiƙon ne ya dawo ba. Da na isa na same shi a ƙofar bayi, ƙasa ta yi ja, wani wurin da gudaji. Kawu yana tsaye riƙe da kofin jiƙon. Ba wanda ya nemi izinin kowa. Maƙwabta suka ɗauke shi, ni ɗinki bai bar ni in ɗaga komai ba. Aka sa shi a bayan tasi, kansa a cinyata, Kawu a gaba.

Ranar kasuwa ce, hanya ta cushe wajen Agoè-Assiyéyé. Direba yana ta oda, 'yan zemijan suna kutsawa ta ko'ina, mu muna tsaye. Jikinsa ya yi sanyi, gumi yana keto masa. Ya buɗe ido ya dube ni daga ƙasa.

"Ashe da gaske kake."

"Da gaske nake."

"To me ya sa ba ka faɗa da wata murya ba?"

"Ba ni da wata."

Ya yi kamar zai yi dariya, ba ta fito ba. Ya ce in riƙe masa hannu, yana jin kamar motar tana gangarawa. Motar kuwa ko motsi ba ta yi. Na riƙe. Kawu bai waiwayo ba, carbi kawai yake ja.

A asibiti Malama ce a bakin aiki. Ta dube shi, ta ja fatar idonsa ƙasa, ta dube ni. Ta yi wa likita magana da Faransanci da sauri, aka tura shi ciki. Aka ce ana neman jini. Labari ya kai kara, mutane suka bar shanu a mota suka zo, Hausawa da Zabarmawa da Fulani, suka yi layi a baranda suna naɗe hannun riga. Ni aka ƙi ɗaukar nawa. An ƙara masa abin da aka samu, an shiga da shi ɗakin aiki. Bayan azahar likitan ya fito, ya cire hular kansa, ya kira Malama ta fassara.

Ta ce sun yi iya yinsu. Gyambo ne a bangon tumbi, ya ci har ya kai ga jijiya. Ya daɗe yana zuba, jikin ba shi da sauran abin da zai tsaya da shi.

Na ce, "Hantar fa? Inda bijimin ya matse shi?"

Ta tambayi likitan. Ya amsa a gajarce.

Ta ce, "Ta warke."

Kafin magariba aka kai shi makwancinsa. Ban iya ɗaukar makara ba, ban iya shiga rami ba, tsayawa kawai na yi a gefe riƙe da cikina. Da aka dawo zaman makoki, na zauna a ƙarshen tabarma. Kawu yana tsakiya, mutane suna zuwa suna yi masa gaisuwa. Ya tsufa a yini ɗaya. Wani dillali ya tambaye shi yadda abin ya kasance. Na ji amsar da kunnena.

"Jinin ne ya yi masa yawa. Kwanakin nan da aka ɓata a asibiti tun farko, su suka ba shi dama ya daskare. Da tun ranar aka fara ba shi kanwar."

Yana faɗa hawaye yana bin gemunsa. Mutane suka gyaɗa kai, aka ce Allah ya jiƙansa. Na riga na faɗi tawa lokacin da take da amfani, a wurin kuwa ba abin da za ta ƙara sai ciwo. Har Kawu ya koma ga Allah, a kan wannan maganar yake.

Ni na shanye maganina har ƙwayar ƙarshe. Ban taɓa jin aikinsa ba ko sau ɗaya, kuma ga ni. Hawa mota ya ƙare mini, yanzu igiya nake sayarwa a bakin kara. Matarsa ta koma gida wajen iyayenta bayan takaba.

Na san ajali ne. Ba na jayayya da wannan, kuma ban ɗora wa kaina ba, don na faɗa, na sake faɗa. Amma abin da na gani shi ne, mu mutanen kara ba mu yarda da maganin da ba ya ɗaci, ba ya ƙuna, ba ya sa gumi. Wanda zai zauna shiru ya tsare maka bangon ciki, gani muke cuta ce ta masu farmasi. Har yau in dabba ta buge yaro, kafin a nemo mota an nemo kanwa. Ni kuma in taso daga kan igiyoyina in je in tsaya a kansa. In an ba shi magani a asibiti, in bi shi gida in ga ko yana sha. In tambaye shi launin bayan gidansa a gaban kowa, ba na rufe fuska. Suna ce mini tsoho mai tambayar kashi. Wasu suna ji, wasu ba sa ji.

Zabarmawan kara har gobe suna tsokanata da safe, ina kuma ramawa, don wasan ba ni na fara shi ba balle in kashe shi. Ina ce musu bayina, ina ce musu ɓarayin tuwo. Kalmar mutuwa ce kawai na cire daga ciki. Na ajiye ta saboda ranar da zan bukaci a yarda da ni.